SSD tukuna, furosesa daga baya: aikin da muka yi wa tsohuwar Dell ɗin shago

Jama'a barkanmu da warhaka. Maganar nan ta daɗe tana cina, don kusan duk wanda ya zo min da tsohuwar kwamfutar tebur yana kukan ta yi nauyi, abin da yake fara faɗa shi ne "a canza min furosesa, a sa min i7", wato a cire ƙwaƙwalwar kwamfutar mai yin lissafi a sa wata mai ƙarfi ta kamfanin Intel, shi a ganinsa daga an sa i7 shi kenan an gama. Ni kuma kullum amsata ɗaya ce, ka fara da had dis tukuna, wato ma'ajiyar fayilolin kwamfutar, ka cire shi ka sa SSD, sabuwar irin ma'ajiya mai sauri, in ka ga yadda ta koma sai mu zauna mu yi maganar furosesa, kuma wallahi da yawa daga cikinsu ba sa dawowa da maganar ma saboda abin da ke damunsu ya riga ya tafi.

Wadda zan ba da misali da ita ta shagon yayana ce, inda yake buga wa ɗalibai furojet, ya cike wa mutane fom a intanet, ya haɗa katin biki da na suna a CorelDRAW. Dell OptiPlex 7010 ce, 'yar siririyar nan da ake kwantarwa a ɗora allo a kanta, tokumbo, irin waɗanda in ka zaga shagunan kwamfuta na Beirut Road a Kano ko Computer Village a Ikeja zaka gansu jere. Samfurin 2012 ne, ofisoshin Turai da Amurka suka gama mora suka sallamo mana, amma fa injin yana da ƙwari sosai, an yi su ne don su wuni a kunne. A cikinta akwai furosesa Core i3-3220, RAM 4GB (wurin da take riƙe aikin da ake kan yi), da had dis 500GB mai juyi 7200 a minti. In aka kunna ta da safe sai mutum ya share shago ya yayyafa ruwa kafin ta natsu, ka danna Chrome tana tunani, kwastoma na tsaye a kanka yana duba agogo. Yaya ya ce min "ƙanina ko dai mu sayar da ita mu ƙara kuɗi mu ɗauko wata?" na ce Yaya ka bari in duba abu ɗaya tukuna.

Abin da na duba kowa zai iya dubawa, ba sai injiniya ba. Ka danna Ctrl da Shift da Esc tare, Task Manager zai buɗe, ka shiga Performance, sai ka ci gaba da aikinka yadda ka saba kana lura da wane ne yake cika. A tamu layin Disk ya manne a 100% ya ƙi sauka, shi kuwa furosesa yana ƙasa can yana hutawa, bai ko kai rabi ba. Toh kaga ai an gano mai laifi. Kamar tela ne ƙwararre zaune gaban keke yana jiran yaron da ya aika Kwari sayo yadi a ƙafa, ko ka kore shi ka kawo wanda ya fi shi iya ɗinki, shi ma zaman jiran yaron zai yi.

Dalilin kuwa a bayyane yake in ka san yadda had dis yake aiki. Faifai ne na gaske a ciki yake juyawa, da wani ɗan hannu mai kai da komo yana neman inda bayanin yake. In babban fayil ɗaya yake karantawa a jere yakan ba ka kamar 100 zuwa 150MB a daƙiƙa, wannan ba laifi, matsalar ita ce Windows ba haka take aiki ba, dubban ƙananan fayiloli take nema a warwatse, ga sabuntawa na gudana a bayan fage, ga riga-kafin bairos na bincike, hannun nan guda ɗaya shi zai yi ta tsalle tsakaninsu. SSD babu abin da ke motsi a cikinsa sam, ƙwayoyin ajiya ne irin na filash, mai SATA, wato wanda ake jonawa da irin wayar had dis, yana kai 500 zuwa 550MB a daƙiƙa, amma ni ba wannan lambar ce ke burge ni ba, abin da ke sa ka ji kwamfuta ta zama sabuwa shi ne saurinsa wajen ƙananan fayilolin nan, a nan ratar ba ta misaltuwa. Ga kuma wani abu da ya shafe mu a nan, yawan ɗauke wuta ba zato yana wahalar da had dis mai juyi, haka jijjiga da buguwa, shi SSD ya fi jure bugu, duk da dai shi ma ba ya son a yanke masa wuta yana tsakiyar rubutu, don haka UPS bai zama ado ba.

Wajen saye ne nake so a buɗe ido. Na farko, mai SATA zaka nema, mai faɗin inci 2.5 irin na laftof. Kar wani ya lallaɓe ka da ɗaya nau'in SSD ɗin, NVMe, wai ya fi gudu, gaskiya ne ya fi gudu, amma madabod ɗin 7010, wato babban faifan da komai ke jone a kansa, ba shi da ramin M.2 da ake sa shi, kuma ko ka sa shi ta adafta a ramin PCIe BIOS ɗinta, wato manhajar madabod da ke fara tayar da kwamfuta, ba ta san yadda za ta tashi Windows daga kansa ba sai an yi wasu dabaru da ban ba wa mai shago shawarar shiga ba. Na biyu jabu ya yi yawa, akwai wanda za a rubuta 1TB a jiki, kwamfuta ma ta nuna 1TB, amma ainihin abin da ke ciki ɗan kaɗan ne, kana wuce shi sai fayilolinka su fara lalacewa ba ka sani ba. Ka nemi sunan da aka sani, Samsung, Crucial, Kingston, WD, kuma ko da sunan ne a jiki ka gwada, akwai manhaja kyauta H2testw da ke cika shi da bayanai ta sake karantawa ta gaya maka gaskiyar girmansa, sannan CrystalDiskInfo zai nuna maka lafiyarsa da awa nawa ya yi yana aiki, don wani "sabo" ne a baki kawai. Amma in ka sayi 256GB ka ga Windows ta nuna 238GB kar ka koma ka yi rigima da mai kaya, haka lissafin yake, 500GB ma 465 yake nunawa. Mu 256GB muka sa, ya ishi Windows da Office da Corel har da saura mai yawa, tsohon had dis ɗin kuma muka bar shi ya zama ma'ajiyar ayyukan kwastomomi.

Kafin ka kwance ko sukuru ɗaya, ka kwashe kayanka. Hotuna, furojet ɗin mutane, fon-fon ɗin rubutu da ka tara na Corel, kalmomin sirrin da ke ajiye a burauza, duk ka kwafe su a wani wuri daban. Wannan amana ce a wuyan mai shago, ɗalibi ya ba ka babi biyar ya tafi da yaƙinin suna nan.

Hanya biyu ce ta mayar da Windows kan SSD. Ko ka yi kwafin tsohon dis gaba ɗaya da irin su Clonezilla, ko ka ɗora sabuwa fil. Ni na fi son sabuwa, musamman ga injin da ya shekara da shekaru ana loda masa tarkace, in ka kwafa har da dattin ka kwaso, kuma in tsohon dis ɗin ya fara samun wuraren da suka mutu kwafin ma yakan tsaya a hanya. Filash mai 8GB ya isa, ka ɗora masa fayilolin girka Windows da manhajar Rufus, a cikinta ka zaɓi GPT in zaka tashi ta UEFI, wato sabon tsarin BIOS, a Dell F12 ne ke kawo jerin abin da za a tashi da shi, F2 kuma ya kai ka cikin BIOS. Kana ciki ka duba SATA Operation, da yawa daga injinan Dell suna zuwa a kan RAID On, ka mayar da shi AHCI kafin ka ɗora Windows, in ka bari sai bayan ka gama sannan ka canza, shuɗin allo zaka gani ta ƙi tashi.

Ga wani abu ƙarami da mutane ke tsallakewa: lokacin ɗora Windows ka zare wayar tsohon had dis ɗin gaba ɗaya, SSD kaɗai ka bari a jone. In duka biyun suna jone Windows takan ajiye fayilolin tashi a kan tsohon, komai zai yi ta aiki lafiya lau har ranar da tsohon ya mutu ko ka cire shi, sai kwamfuta ta ce ba ta ga abin tashi ba alhali Windows ɗinka na nan kan SSD. Sannan ka jona SSD a ramin SATA0 inda tsohon yake, don ba duk ramukan madabod ɗin ne ke da cikakken gudu ba. Wurin zamansa kuma, gidan dis ɗin na mai inci 3.5 ne, akwai 'yar adafta da ake sayarwa mai arha da ke riƙe ƙaramin, ka saya ka ɗaure shi da kyau, ban son ganin an bar shi yana lilo a jikin waya kusa da fanka.

Da muka gama wannan kaɗai, ba a taɓa furosesa ba, kwamfutar da ke cin mintuna kafin ta natsu ta koma tashi cikin ƙasa da rabin minti, Word kana dannawa yana buɗewa. Yaya ya kalle ni ya ce "yanzu dama wannan ɗan abin ne?" Na ƙara mata RAM ya zama 8GB, DDR3 take ci kuma ramuka huɗu gare ta, ka sa su bibbiyu masu girma ɗaya a ramuka masu launi ɗaya, wannan ma ya rage mata shaƙewa in an buɗe shafuka da yawa a Chrome.

Toh sai maganar furosesa. Mun zo kanta ne saboda bayan SSD da RAM, in Yaya na fitar da babban zane a Corel ko yana haɗa PDF mai shafuka da yawa ga sikana na aiki, yanzu layin CPU, wato furosesa, ne ke cika a Task Manager. Kaga yanzu akwai hujja. i3-3220 koa biyu gare shi, wato kamar ma'aikata biyu a cikinsa, a gudun 3.3GHz, i5-3470 kuwa koa huɗu ne na gaske, 3.2GHz yana hawa har 3.6 in aiki ya yi zafi, sai babbansu i7-3770 mai koa huɗu da zare takwas, wato kowane koa na jan layin aiki biyu, 3.4 zuwa 3.9GHz. Mu i5-3470 muka ɗauka kuma ina ganin shi ne daidai ga yawancin mutane, don i7-3770 har yau masu kaya na riƙe masa wuya saboda shi ne ƙololuwar abin da injinan nan ke ɗauka, kowa shi yake nema, alhali a aikin shago bambancinsa da i5 ba zai biya maka ƙarin kuɗin ba. In kana yanka bidiyo ne kullum to wannan wata magana ce.

A nan ne mutane suka fi asarar kuɗi, don haka a karanta a hankali. Furosesa yana zama ne a soket, na wannan zamanin sunansa LGA1155, kuma zuriya biyu ce ke amfani da shi, ta biyu wato Sandy Bridge ta 2011 masu lamba 2000 da wani abu kamar i5-2400, da ta uku Ivy Bridge ta 2012 masu lamba 3000 da wani abu. Sai mutum ya ga soket ɗaya ne ya ce ai shi kenan zai shiga. Zai shiga kam, ya zauna daram, amma hangen Dala ba shiga birni ba ne, cifset ɗin madabod, ƙwayar da ke haɗa furosesa da sauran sassa, shi ke yanke hukunci. OptiPlex 790 da 990, da HP Compaq 8200 Elite, duk LGA1155 ne amma cifset ɗinsu Q65 ko Q67 ne, ba sa karɓar zuriya ta uku ko kaɗan, ka sa i5-3470 a ciki fanka za ta juya allo ya tsaya baƙi ƙirin, iyakarsu i5-2400, i5-2500 ko i7-2600. Ita 7010 da 9010 da HP 8300 Elite masu Q77 ne, su ne ke ɗaukar zuriya ta ukun. Masu madabod ɗin haɗi irin H61 kuma da yawansu suna karɓa amma sai an sabunta BIOS tukuna, kuma da tsohon furosesan ake sabuntawa kafin a cire shi, kar kuma ka kuskura ka fara sabunta BIOS ba UPS ko ingantacciyar wuta, in ta yanke a tsakiya madabod ɗin na iya tafiya kenan. Zuriya ta huɗu irin i5-4570 kuwa soket ɗinta daban ne, LGA1150, a ido kamar ɗaya suke amma ba ya shiga, kar a danna da ƙarfi.

Ka kuma lura da harafin ƙarshen lambar. Mai P kamar i5-3350P ba shi da bangaren hoto a cikinsa, in ba ka da katin hoto daban babu abin da zai fito a allo. Mai S kamar i5-3470S watt 65 ne maimakon 77 na i5-3470, shi ya dace da mafi ƙanƙantar akwatin nan da iska ba ta zagayawa sosai, kuma masu aiki da sola ko inbata za su so shi. Ka ce wa mai kaya ya gwada maka a gabanka ko ya ba ka sharaɗin dawowa da shi, ka juya bayansa ka duba zinaren babu ƙuna babu karce mai zurfi.

Aikin canjin kansa bai da wuya amma yana son natsuwa. Ka kashe, ka zare wayar wuta daga bango, ka danne maɓallin kunnawa na 'yan daƙiƙu don ragowar wutar ta fita, ka taɓa ƙarfen akwatin kafin ka taɓa komai a ciki, musamman lokacin hunturu da jiki ke tara wutar nan mai ɗan tsatsa. Tunda ka buɗe, ka fita da ita waje ka busa da bulowa, ƙurar da muka fitar daga tsakanin haƙoran ƙarfen sanyaya ta shagon nan ta yi kauri har ta toshe hanyar iska, ka riƙe fankar da yatsa lokacin busawa kar ta yi ta juyawa da gudu fiye da ƙima. Sukurori huɗu ne ke riƙe da ƙarfen sanyayan, ka sassauta su a gicciye kaɗan-kaɗan, ka zare wayar fankar a hankali don Dell nasu kan wayar daban ne da na kasuwa, in ka karya samun madadinsa sai an sha yawo. Ka ɗan murɗa ƙarfen hagu da dama kafin ka ɗaga saboda tsohon man ya bushe ya kama.

Daga nan ka danna ɗan sandan soket ka ture shi gefe, murfin ya ɗaga, ka ɗauke tsohon da yatsu biyu ta gefe, sama kai tsaye. Abin da zaka gani a ƙasa shi ne wuri mafi haɗari a duk aikin, ƙananan allurai 1155 ne a tsaye a jikin madabod, sun fi gashi kauri kaɗan kawai, ko ɗaya ya lanƙwashe zai iya hana ta tashi ko ya kashe maka ramin RAM. Kar ka taɓa, kar ka goge da tsumma, kar sukundireba ya wuce ta samansu. Sabon yana da ɗan alamar kusurwa uku a gefe ɗaya da 'yan yanka biyu a gefuna, ka daidaita su da na soket ka ajiye shi kawai, da kansa zai zauna, in ka ji kana buƙatar dannawa to ba daidai ka sa ba. Sandan zai ɗan yi tauri wajen rufewa, wannan haka yake.

Man da ake shafawa tsakanin furosesa da ƙarfen sanyaya, wanda masu gyara ke kira fes, dole a sa sabo. Ka goge tsohon tas daga jikin ƙarfen da auduga ko kyalle mai tsabta da ɗan sifirit, ka bari ya bushe, ka ɗiga sabo kamar ƙwayar wake ɗaya a tsakiya, in ka ɗaure ƙarfen shi zai baje shi. Ina roƙon masu gyara su daina mayar da ƙarfe a kan busasshen tsohon mai, kuma man goge baki ba madadinsa ba ne ko da wani ya ce ya gwada, zai bushe cikin ɗan lokaci furosesa ya dinga zafi yana rage gudu da kansa, ga zafin watan Afrilu a shagon da ba AC. Bayan ka kunna ka shiga BIOS ka tabbatar ta ga sabon da sunansa, sannan a Windows ka sa HWMonitor ko Core Temp ka ba ta aiki mai nauyi kana kallon zafin, in yana wuce 85 zuwa 90 ka kashe ka sake duba zaman ƙarfen. Tunda hannunka na ciki ka canza ɗan batirin madabod ma, CR2032, in ya mutu ne kake ganin agogo na komawa baya duk sanda aka ɗauke wuta, shafukan intanet su ƙi buɗewa, saitin AHCI ɗin da ka yi ma ya iya gogewa.

Gaskiyar sakamako ita ce i5 ɗin ya taimaka, Corel ya daina tsayawa in ana fitar da babban aiki, ana iya sikanin ana bugawa lokaci ɗaya, amma in aka ce in raba ladan, kaso mafi tsoka na SSD ne nesa ba kusa ba.

Akwai iyakar da ya kamata mai irin wannan injin ya sani kafin ya zuba kuɗi da yawa. Microsoft ta daina tallafin Windows 10 na yau da kullum ranar 14 ga Oktoba 2025, Windows 11 kuma a hukumance daga zuriya ta takwas ta Intel take farawa kuma tana neman ƙwayar tsaro TPM 2.0, wato ko i7-3770 ka sa ba ka cikin jerin. Ana iya tsallake sharaɗin da Rufus, mutane na yi, amma ba tare da wani alkawari daga Microsoft ba. Linux Mint na gudu a kanta kamar me, ga wanda aikinsa burauza da rubutu ne ya wadatar, sai dai CorelDRAW ba shi da na Linux, shi ya sa ba mu bi nan ba a shagon. Sannan zuriya ta uku ba ta da wani salon lissafin furosesa da ake kira AVX2, daga ta huɗu ya fara, wasu sababbin manhajoji kuma sun fara nemansa. Wannan na cikin abin da ya sa na hana Yaya sayen i7, gara ragowar kuɗin ya tafi batirin UPS, SSD ɗin kuwa duk ranar da aka sayi wata kwamfutar ana cire shi a mayar can.

Masu injinan da suka girmi wannan, irin OptiPlex 760 da 780 masu Core 2 Duo a soket LGA775, ku ma SSD zai yi muku aiki, duk da SATA ɗinku na biyu ne gudun zai tsaya wajen 270MB a daƙiƙa, saurin ƙananan fayilolin nan kuna samunsa kusan cikakke. Furosesa dai in an samu Core 2 Quad kusan kyauta kuma akwatin babba ne mai ɗaukar zafinsa a sa, amma ban ga dalilin fita neman sa da kuɗi mai kauri ba a yanzu, ku sa SSD ku cika RAM iya abin da madabod ya yarda, sauran kuɗin ku fara tarin 7010 ko abin da ya fi ta.